Goyo da Yaye a Gida Ɗaya

Ina so in yi bayani a kan yadda jariri yake girma a shekararsa ta farko, da kuma halin da gida yake shiga idan ƙananan yara biyu suka haɗu a hannun uwa ɗaya, ɗaya ana goyo, ɗaya an yaye. Wani abin mun koye shi ne a darasin kiwon lafiya, wani kuwa na gan shi da idona a gidanmu a cikin garin Daura, inda matar Yaya ta haifi ɗa namiji bara, alhali 'yarta ta fari ba ta wuce shekara 2 da wata 1 ba.

Mu 'yan makarantar kwana muna da wata dama da mutanen gida ba su da ita. Wanda yake tare da yaro kullum ba ya ganin girmansa, kamar yadda manomi mai zuwa gona kowace safiya ba ya ganin geronsa yana tsawo. Mu kuwa sai bayan wata 3 muke komawa, saboda haka muna ganin bambanci ƙarara, na ci gaba ko na ci baya.

An haifi jaririn a farkon watan Agusta, a tsakiyar marka, ina gida ina hutun ƙarshen shekara. Nauyinsa kilo 3 ne da 'yan kai. Bayan 'yan kwanaki da aka sake auna shi sai aka ga ya ragu, hankalin uwarsa ya tashi. Ashe haka abin yake ga kusan kowane jariri. Yakan rage nauyi a kwanakin farko, wani har kashi 1 cikin 10, sa'an nan ya mayar da abinsa kafin ya cika mako 2. Daga nan sai hauhawa. Kafin wata 6 yakan ninka nauyinsa na haihuwa, a shekara guda kuma ya ninka shi kamar sau 3. Babu wani lokaci a rayuwar ɗan Adam bayan haihuwa da yake girma da sauri irin wannan.

Jariri sabon haihuwa aikinsa shan nono da barci. Yakan sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ya yi barcin awa 14 zuwa 17, amma a gutsuttsure, shi ya sa mai jego ba ta samun barci. Idonsa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, kamar tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta uwarsa in tana ba shi nono. Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, watau dakashi, da can wasu tsofaffi sukan ce a matse shi a zubar wai ba shi da kyau. Yanzu an tabbatar cewa shi ne rigakafin jariri na farko, domin yana cike da abubuwan da ke kare shi daga cututtuka, kuma ana so a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa.

Makon farko shi ne mafi hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga cikin jariran da ke mutuwa a watan farko, kusan kashi 3 cikin 4 a makon farko suke tafiya. Abin lura kuwa shi ne, a wannan makon ne gida ya fi cika da 'yan barka, kowa yana ɗauka yana ajiyewa, ana ta shirin suna. Don haka ya kamata a sami mutum ɗaya wanda idonsa ke kan jaririn kansa. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri har sau 60 a minti ɗaya, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi rawaya, to, ba a jira gari ya waye, asibiti ake nufa. Cibiya kuma takan faɗi da kanta cikin mako 1 zuwa 2. A gidanmu maganin shafawa da aka bayar a asibiti kaɗai aka sa mata, ba a gasa ta da tsumma ba, ba a sa toka ko man goge baki ba, domin ta nan ne cutar sandarewar jiki, wadda likitoci ke kira tetanas, take shiga.

Ran suna an yi komai yadda aka saba. Yaya ya sayo rago a kasuwar Mai'adua, aka raɗa suna da sassafe, aka raba goro da dabino, wanzami ya yi aski. Magana ɗaya ce ta kawo gardama, ita ce ta cire beli. Inna ta ce duk 'ya'yanta an cire musu kuma ga su nan da ransu. Yaya ya ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, likitoci sun ce belin nan halitta ce, ba ciwo ba ce, kuma cire shi yana iya jawo zubar jini." Aka daɗe ana magana a hankali, daga baya ta ce to, ɗansa ne. Ni dai a ganina wanzamai suna da sana'arsu da mutuncinsu, amma maƙogwaron ɗan kwana 7 ba wurin sa ƙarfe ba ne.

Yanzu bari in juya ga babbar, domin ita ce ainihin dalilin wannan rubutu.

Tun ran da na sauka daga makaranta, kafin ma a haihu, na ga yarinyar nan ba yadda na bar ta ba. Rigar da aka ɗinka mata watanni da suka wuce ta yi mata yawa maimakon ta yi mata kaɗan. Gashinta ya yi laushi ya soma ja. Da can ita ce mai tarye ni a zaure da gudu, yanzu kuwa sai ta zauna a bakin ƙofa tana tsotsar yatsa. An yaye ta ne tana da wata 18, da aka gane uwarta na da ciki, domin mutanenmu suna cewa nonon mai ciki yana sa yaro zawo. Yayen kuma irin na dare ɗaya aka yi, aka shafa wa nono abu mai ɗaci, aka kai ta ɗakin Inna. Malaman asibiti sun ce mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, kuma in za a yi yaye gara a yi shi sannu a hankali.

Da na yi wa Inna magana sai ta ce, "Ke dai, kishi ne, ta ji ƙani na tafe. Kowane yaro haka yake yi." Gaskiya ne akwai kishi. Bayan haihuwar ta koma fitsarin kwance, ta ce lallai sai an goya ta, wata rana ma ta nemi a ba ta nono, kuma in ba kowa sai ta je ta mintsini jaririn. Duk wannan ba mugunta ba ce, yaro ne ya ga an karɓe masa wurinsa, ba shi kuwa da bakin da zai faɗa. Ga kuma al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai in akwai surukai. Al'ada ce mai kyau ta kawaici, kuma a babban gida kakanni da gwaggwanni sukan cike gurbin. Amma idan duk waɗannan hannaye suka koma kan mai jego da jariri, wa ya rage wa ɗan farin?

Sai dai kishi ba ya sa gashi ja. Ranar da jaririn ya cika mako 6 aka kai shi rigakafi, na raka su, muka tafi da babbar saboda babu wanda za a bar wa ita. Ma'aikaciyar da ke awo ta gama da jaririn, ta yaba nauyinsa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan fa, taku ce?" Ta ɗauko wani ɗan ma'auni kamar tef ɗin tela, mai launi uku, ta zagaya shi a damtsen yarinyar. Da shi ake auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya ke nan, daga santimita 12.5 zuwa sama. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta soma. Ja kuwa, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani wadda ke iya kisa. Namu ya tsaya a rawaya.

Da na koma makaranta na ba malamarmu labari, sai ta gaya mana wani abu da ya ba ni mamaki. Akwai wata irin tamowa mai kumbura ƙafafu da fuska, wadda likitocin duniya duka suke kira kwashoko. Kalmar daga harshen mutanen Ga ta fito, waɗanda ke zaune a Akara ta ƙasar Gana. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a can, ita ta shigar da kalmar cikin rubutun likitoci a 1935, ma'anarta kuwa ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda an yi masa ƙani. Watau tsofaffin matan Gana sun gane wannan abu tun kafin likitoci. Mu ma Hausawa mun san shi, shi ya sa ake gorin kwanika, watau mace ta yi ciki tana goyo. Wannan magana ta manya ce, ba ta kamata a bakina ba, amma littafinmu ya ce ana so a sami tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa, a Suratul Baƙara aya ta 233.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin Na Gari Na Kowa ta ba da sanarwa cewa yara 652 masu tamowa sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar, saboda ba su sami kulawa a kan lokaci ba. Lokacin da abin ya fi tsanani kuwa shi ne daga Yuli zuwa Satumba. A ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, a watannin nan rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, ga sauro ya yi yawa. Zazzaɓi ya hana yaro cin abinci, rashin abinci kuma ya hana shi ƙarfin jure zazzaɓi. Jariri yana da nonon uwa yana kare shi. Wanda aka yaye ba shi da komai sai abin da aka zuba masa a kwano.

Maganin da aka yi wa tamu bai ci kuɗi mai yawa ba. Da farko an raba ta da ciyayya. Da can tare take ci da yaran gida manya a akushi ɗaya, kafin ta kai loma 2 sun share. Aka ba ta kwanonta ita kaɗai, wani babba ya zauna da ita har ta gama. Cikin yaro ƙarami ne, tuwon dare da ɗumamen safe ba su isarsa, sai an ba shi kamar sau 5 a yini. Kokon da ake dama mata tsararo aka mayar da shi kunu mai kauri na gero da gyaɗa da waken suya. Aka riƙa ba ta wake, da dafaffen ƙwai in kaji sun yi, da kindirmo, da zogale, ana ɗiga manja ko man gyaɗa a abincinta. Kusan duka a gida ake samunsu ko a bakin kasuwa. Aka sa ta cikin gidan sauro. Masu bi gida gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata wata, su ma ba a bari sun wuce ta ba.

Yaya kuma ya ɗauki wani aiki da ban zata ba. In ya dawo da yamma ita yake fara ɗauka kafin ya leƙa jaririn, ya ɗora ta a babur ya zagaya da ita har wajen rijiyar Kusugu su dawo. Uwarta ta riƙa aikenta, "Miƙo mini majanyin ƙaninki," in ta kawo a yi mata sannu. Sannu a hankali jaririn ya tashi daga kishiya ya zama nata. Duk da haka ba a taɓa barinsu su biyu a ɗaki ba, don ɗan shekara 2 yana iya cusa wa jariri gyaɗa a baki da niyyar kyauta. Haka kuma tukunyar ruwan wankan jego, da take tafasa safe da yamma har kwana 40, an kewaye ta, domin mai tafiya da ƙafarsa shi ne ke isa wurin wuta.

To, mu koma ga jaririn. Kafin in koma makaranta a watan Satumba ya yi murmushinsa na farko, na gaske, wanda yake yi don ya ga fuska. Wannan yakan zo ne wajen mako 6 zuwa wata 2. Da na dawo hutun Disamba yana da wata 4 da rabi, wuyansa ya tsaya, ba a tallafe masa kai in an goya shi. Yana dariya da ƙarfi, yana bin murya da ido, yana kai hannu ga abin da ya gani, yana ƙoƙarin birkicewa. Wanda ya fi sa shi dariya kuwa ita ce yayarsa, wadda na tarar kumatunta sun dawo, damtsenta ya shiga kore.

Har lokacin ko ruwa ba a ba shi ba, nono zalla. Wannan ya fi komai wuya a gidanmu. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ce, "Haba, ku ji tsoron Allah, ku ba yaron nan ruwa." Amsar ita ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta. Ruwan randa yana cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, yana kuma iya kawo zawo. Sai da ya cika wata 6 aka soma ba shi ruwa da kunu, ana ci gaba da nono.

A hutun Afrilu, cikin tsananin zafin bazara, na tarar da ɗan wata 8 yana zaune daram a tabarma, haƙora 2 sun fito a ƙasa, yana gwaranci, yana ja da ciki. Na miƙa hannu in ɗauke shi sai ya fashe da kuka ya ƙanƙame uwarsa. Ƙiwa ke nan, kuma ita ma ci gaba ce, domin tana nuna ya soma bambanta na gida da baƙo. 'Yar makarantar kwana kuwa baƙuwa ce, ko ta so ko ta ƙi.

A nan ina roƙon iyaye su lura da maganar haƙori. Kusan duk ciwon da ya sami yaro a wannan lokaci sai a ce haƙori ne, a zauna. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ta kawo zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ya soma rarrafe yana kai komai baki, ya soma cin abinci, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. In zawo ya zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, a ƙara ba shi nono. In maɗigarsa ta faɗa, alama ce ruwan jikinsa ya ƙare, ba abin da za a shafa a kai ya ɗago ta, sai an mayar masa da ruwan. Ita maɗiga takan rufe da kanta wajen shekara 1 da rabi.

Akwai kuma gasar da mata ke yi, ɗan wance ya zauna, namu bai zauna ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan yara 816 masu lafiya a Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka. An ga wani yakan zauna da kansa tun kafin wata 4, wani sai bayan wata 9. Tafiya ba tare da riƙo ba, wani a wata 8, wani sai ya kusa wata 18. Har an sami kamar 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe kawai. Dukansu lafiyarsu lau. Abin da zai sa a nemi likita shi ne yaro ya wuce waɗannan iyakoki, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ba ya kallon fuska, ko kuwa ya daina abin da ya riga ya iya.

Katin asibiti shi ne littafin tarihin duk wannan. Ran haihuwa an yi masa rigakafin tarin fuka da ciwon hanta da ɗigon shan inna. A mako 6 da 10 da 14 aka yi masa allurar da ta haɗa cututtuka 5, cikinsu har da tarin shiƙa da mashaƙo, wadda ta yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina a 2023, tare da ta ciwon huhu da ɗigon zawo. A wata 9 sai ta ƙyanda da shawara da sanƙarau. Akan manta da ta wata 9, domin tazarar ta yi nisa, ɗokin jego ya wuce. Kakanninmu suna ba da labarin yadda ƙyanda take shiga unguwa da bazara ta kwashe yara, kuma masu jan ƙafa da muke gani a bakin kasuwa yawancinsu shan inna ce ta kama su suna ƙanana. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a nahiyar Afirka, amma ana ci gaba da ɗigon don kada wani nau'inta ya samu ƙofa.

A babban hutun bana ya cika shekara. Yana miƙewa ya dafa bango, ana yi masa tatata yana taku 2 ko 3 ya zube, kafinta ya yi masa keken katako mai ƙafa 3 yana turawa a tsakar gida. Kalmarsa ta farko ba Inna ba ce, ba Baba ba ce, wani guntun sunan yayarsa ne da shi kaɗai ya san yadda yake faɗarsa. Yanzu faɗansu a kan kwano ne da ludayi, kowa yana da nasa amma na ɗan'uwansa yake so. Uwarsu ta ce shi ba za ta yaye shi ba sai ya cika shekara 2, in Allah ya yarda. A katinsa an rubuta ranar komawa allurar ƙyanda ta biyu idan ya kai wata 15, wanda zai faɗo ina makaranta, saboda haka na rubuta ranar da gawayi a bangon ɗakin Inna, kuma an ce a je da babbar a sake auna damtsenta.